Hadarin Gabas: Yadda Ruwan Kano Ke Haɗuwa, Da Abin Da Ya Sa Yake Ƙara Yi Wa Tsohon Birni Nauyi

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san inda ake duba idan ana son sanin ko za a yi ruwa: gabas. A Kabara, unguwar malamai da ke daura da Gidan Rumfa, da zarar gabas ta yi baƙi da la'asar sai a shiga kwashe shanya, masu kasa kaya a bakin hanya su naɗe tabarmi, almajirai su tattara alluna zuwa zaure. Ba a jimawa iska mai sanyi za ta taso da ƙura da ledoji, sannan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, danshin da ya zama wannan ruwan daga kudu maso yamma ya taho, daga Tekun Atlantika, wato daga kishiyar inda hadarin ya ɓullo.

Sanin yadda hakan ke faruwa yana da amfanin da ya wuce sha'awar ilimi. Kowace damina ana jin labarin rushewar gidaje da cikar lunguna da ruwa a Kano, kuma bayanin da ake yawan samu daga jami'ai bai wuce cewa ruwa ne ya yi yawa ba. Wanda ya san yadda hadari ke haɗuwa, da yadda ya sauya a shekaru arba'in da suka gabata, shi ne zai iya rarrabe abin da ya fi ƙarfin kowa da abin da ke hannun masu mulki.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Hausa na amfani da kalmar yanayi wajen abubuwa biyu da masana ke bambantawa. Na farko shi ne halin da sama ke ciki yau ko gobe: zafi, hazo, hadari, iska. Na biyu shi ne ɗabi'ar wuri, wato abin da aka saba gani idan aka tattara bayanan shekaru masu yawa, galibi talatin, aka fitar da matsakaici. Ruwan da aka tafka daren jiya na cikin rukunin farko. Cewa Agusta ne watan da ya fi kowane ruwa a Kano na cikin na biyu.

Magabata sun san wannan ɗabi'a tun kafin a kawo ma'aunin ruwa. Rabon shekara zuwa bazara da damina da kaka da rani ilimin ɗabi'ar wuri ne. Haka ma lissafin taurari 28 da malaman hisabi ke koyarwa a zauruka, bakwai ga kowane lokaci, kowanne da kwana 13, inda manomi ke tambaya ko Zira'a ta kama ko Ɗarfa ta fita kafin ya yanke shawarar aikin gona. A ma'aunin zamani kuwa, idan aka ɗauki dogon tarihi, Kano na samun ruwa tsakanin milimita 800 da 900 a shekara, kusan dukkansa daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na sauka a Agusta kaɗai. Lokacin da ake maganar sauyin yanayi, wannan ɗabi'ar ce ake nufin tana gurɗewa.

Iskoki biyu da ke karɓar aiki

Shekarar Kano gaba ɗayanta ja-in-ja ce tsakanin iskoki biyu. Ɗaya busasshiya ce, tana tasowa daga arewa maso gabas ta ratso hamadar Sahara. Ita ce iskar hunturu, kuma mafi yawan hazon da take kawowa daga kwarin Bodele yake a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda ake ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Ɗayar kuma mai danshi ce, tana tasowa daga Mashigin Tekun Gini ta nufo arewa maso gabas.

Inda suka haɗu akwai wata iyaka da ba a gani da ido, kuma iyakar tana bin rana. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, shi ya sa hazo kan kai har Legas. Yayin da rana ke hawowa arewa, har ta tsaya daidai kan Kano a ƙarshen Afrilu, hamada takan yi zafi matuƙa, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama, sai iskar teku ta kwararo don cike gurbin. Zufar bazara da ke hana mutanen cikin birni barci alama ce ta isowar danshin, alhali bai yi kaurin da zai ba da ruwa ba tukuna. Zuwa Agusta iyakar ta wuce Agadas, Kano kuma ta koma can cikin iskar teku mai kauri, lokacin marka ke nan. Daga Satumba sai ta fara ja da baya.

Me ya sa hadarin ke fitowa daga gabas

Iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya, kaurinta a saman Kano bai cika wuce kilomita ɗaya ko biyu ba. A samanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, akwai wani kogin iska da ke gudu daga gabas zuwa yamma a lokacin damina. Abin da ke haifar da shi shi ne bambancin zafi tsakanin Sahara da ke arewa da ƙasashen gaɓar teku masu ɗan sanyi da ke kudu. Danshi na shigowa ta ƙasa daga kudu maso yamma, amma da zarar girgije ya yi tsawo ya shiga wannan kogi, sai a kwashe shi zuwa yamma. Mai kallo daga Kabara sai ya ga hadari na tahowa daga wajen Jigawa.

Girgijen kansa rana ce ke gina shi. Tana dafa ƙasa tun safe, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta tashi. Tana hawa tana sanyi, har tururin da ke cikinta ya koma ɗigon ruwa. A wannan juyawa tururi na sakin zafin da ya ɗauko daga teku, zafin kuma ya ƙara tura iskar sama. Da haka girgije ke kai tsawon kilomita 15 ko fiye, inda sanyi ya isa ya daskarar da ruwa. Gogayyar ƙanƙara da ɗigon ruwa a cikinsa ce ke tara lantarkin da ke fita a matsayin walƙiya. Tsawa kuwa ƙarar iskar da walƙiya ta ƙona ce nan take, kuma tunda sauti na cin kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, wanda ya ƙirga daƙiƙa tara tsakanin haske da ƙara ya san abin na nesa da shi da kilomita uku. Wannan tazara ba ta isa a ce an tsira ba, musamman ga wanda ke kan soro ko ƙarƙashin bishiya.

Iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa ita ce sirrin daɗewar hadarin Sahel. Ruwan da ya fara zuba daga girgije yana ratsa busasshiyar iskar Sahara da ke tsakiyar sama, wani ɓangarensa ya sake zama tururi, abin da ke sanyaya iskar ta yi nauyi ta faɗo. Idan ta bugi ƙasa sai ta bazu gaba da ƙarfi, ta tono ƙura, ta yaye kwanon rufi, ta karya reshe. Sannan ta kutsa ƙarƙashin iska mai ɗumi da ke gabanta ta ɗaga ta sama, sabon girgije ya haɗu, shi ma ya zubar, ya haifi wani. Ta haka hadari ke zama dogon sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, yana tafiya yamma da gudun kimanin kilomita 50 a sa'a, yana iya kwana yana tafiya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa irin waɗannan manyan haduran ne ke ba da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel. Ma'ana, amfanin gonar shekara da ɓarnar shekara duk daga 'yan tsirarun ranaku suke fitowa.

Wannan ne ma ya sa ruwan farkon damina ya fi zuwa da guguwa da ƙura: a Mayu da Yuni iskar tsakiyar sama ta fi bushewa, faɗowarta ta fi tsanani. Asarar rufin makarantu da faɗuwar turakun lantarki ta fi yawa a wannan lokaci, rushewar katanga kuwa ta fi yawa a Agusta, bayan ƙasa ta ƙoshi.

Kogin iskar gabas yana kuma lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kowace lanƙwasa na wucewa bayan kwana uku zuwa biyar, wanda shi ya sa ake yawan ganin ruwa ya zo ya ɗan huta ya sake dawowa. Wasu daga cikin lanƙwasar kan fice ta gaɓar Senegal su faɗa Atlantika, kuma mafi yawan mahaukatan guguwar da ke afka wa tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka daga nan suke samo asali. Hadarin da ya jiƙa Mandawari yau yana iya zama ɗan'uwan wanda za a gani a labaran Fulorida bayan mako biyu.

Abin da ya sauya

Tarihin ruwan Kano bai taɓa zama miƙaƙƙe ba. Farin 1913 ya jawo yunwar da ake kira Kakalaba a 1914. Shekarun 1950 sun zo da yalwa, sannan aka shiga dogon fari da ya tsananta a 1972 zuwa 1973, ya kuma sake tsananta a 1983 zuwa 1984. Masana da dama na danganta wancan fari da sauyin zafin tekuna, har da sanyin da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya jawo wa arewacin Atlantika, wanda ya hana iskar teku hawowa arewa yadda ta saba. Ko a tsakiyar shekarun ƙarancin, a Agustan 1988 an yi ruwan da ya fasa madatsar Bagauda, dubban gidaje suka rushe a jihar.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, sai dai da wata sabuwar ɗabi'a. A 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa binciken Christopher Taylor na Birtaniya da abokan aikinsa, waɗanda suka bi hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35. Sun gano cewa yawan hadura mafiya tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da suka bayar ya koma kan abin da aka bayyana a sama: Sahara na ƙara zafi da sauri fiye da yankunan da ke kudu da ita, bambancin ya ƙaru, iskokin da ke tsara hadari suka ƙara ƙarfi. A kan wannan akwai wata ƙa'ida ta kimiyya da ba ta da jayayya, cewa duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana bai wa iska damar ɗaukar ƙarin tururi da kimanin kashi 7 cikin 100. Abin da iska ta ɗauka kuwa sai ta sauke.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna abin a fili. Ambaliyar 2022 ta hallaka sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, kuma ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wancan ruwa a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80. A ƙarshen Agustan 2024 rahotanni daga Maraɗi sun ce an yi ruwan milimita 150 cikin minti 90. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rufta, sannan a ranar 10 ga Satumba ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri. Darasin masallacin Damagaram ya fi kusa da Kabara: ginin da ya jure damina sama da 170 bai jure wannan ba.

Ina ruwan zai je

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Idan aka yi milimita 50 a yammaci guda, gida mai faɗin murabba'in mita 200 ya karɓi lita 10,000, wato jarka 400 irin ta 'yan garuwa. A ninka wannan da gidajen da ke lungu ɗaya, a ninka da lungunan da ke tsakanin Kabara da Kurmi. Idan tsakar gida turɓaya ce, ƙasa za ta sha wani kaso. Idan an shafe ta da siminti, an kuma rufa ɗakuna da kwano, kusan dukkansa kwata zai nufa, kuma cikin 'yan mintoci.

Tsohon birni yana da tsarinsa na karɓar wannan ruwa, ko da ba injiniya ne ya zana shi ba. Ƙasar da aka yi tubalin gidaje da ita, da wadda aka ɗaga badala da ita tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, daga cikin garin aka haƙo ta, ramukan kuma suka zama kududdufai. Kowace unguwa na da inda ruwanta ke taruwa ya tsaya, ya nutse a hankali ya ciyar da rijiyoyi, rarar kuma ta gangara Jakara. Baturen nan Hugh Clapperton da ya zo Kano a 1824, da Heinrich Barth da ya zo a 1851, dukkansu sun rubuta labarin faffaɗar fadamar da ta kusa raba birnin biyu. Kududdufai ba wuraren sha'awa ba ne: suna tara sauro da shara, kuma sun ci yara da yawa. Amma suna yin aikin da babu abin da aka tanada ya maye gurbinsa lokacin da aka bi su ana cikewa da bola ana yanka filaye ana gina shaguna.

Ita ma Jakara an matse ta. Aikin rufe ta da shimfiɗa titi a kanta, wanda aka fi sani da titin Wuju-Wuju, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ce ta fara shi a wa'adinta na biyu, ya kuma shafe shekaru bai kammala ba. A Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata yadudduka masu tarin yawa, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. A Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shiga rushe gine-ginen da ta ce an yi su ba bisa ƙa'ida ba a filayen jama'a. Cece-kucen da ya biyo baya ya fi karkata ga wa ya ba da fili, wa ya saya, wa za a biya diyya. Tambayar inda ruwa zai bi ba ta samu rabin wannan kulawa ba daga kowane ɓangare.

Ginin ƙasa kuma yana da nasa sharaɗi. Katangar tubali na iya rayuwa ɗaruruwan shekaru idan ana sabunta yaɓenta kafin damina, ana shafa makuba, indararo na jefa ruwa nesa da gindinta. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan da ya kwanta a ƙafarta. Idan an ɗaga titi ya fi daɓen gida tsawo, ko maƙwabci ya yi ginin bulo ya juyo da ruwansa, ko kwata ta toshe da leda, to gindin katanga zai jiƙe ya yi laushi, nauyin azara da ƙasar rufi su ƙarasa aikin. Sau da yawa hakan cikin dare yake faruwa, kan mutanen da ba su da halin sake gini.

Gargaɗi da alhaki

Tunda hadarin Sahel sahu yake tafiya daga gabas da gudun da aka sani, ana iya ganin zuwansa. Wanda ke kan Potiskum yana buƙatar sa'a biyar zuwa shida kafin ya iso Kano, wanda ke kan Dutse kuwa wajen sa'a biyu. Taurarin ɗan Adam na Meteosat na ɗauko hoton saman Afirka duk bayan 'yan mintoci. Ba kowane hadari ne ke kai wa ba, wani ya mutu a hanya, wani ya haɗu a saman garin kansa, amma sa'a biyu ta isa a fitar da tsofaffi daga ɗakin da ya tsage, a ɗage kaya daga ƙasan shago.

Hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu sanannu ne. NiMet, wadda ke da tashar auna yanayi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, tana kuma fassara shi zuwa Hausa. NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. NEMA da takwararta ta jiha ke da alhakin agaji. Izinin gini a birnin Kano na hannun KNUPDA, kwashe shara kuma na hannun REMASAB. Akwai kuma Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓar kasonsu daga cikinsa a rabon kuɗin tarayya na wata-wata, kuma alƙaluman rabon a buɗe suke ga duk mai son dubawa.

Giɓin yana tsakanin hasashe da lungu. Sanarwar da ta ce za a yi ruwa mai yawa a jihar Kano cikin kwana uku ba ta gaya wa mai unguwa wace kwata ce za ta fara cika ba. Don a san haka sai an auna ruwa unguwa-unguwa, an kuma mallaki taswirar magudanai da sauran kududdufan da suka rage. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin auna yanayi a Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. A 2022 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya sa wa'adin 2027 don kowane mutum a duniya ya kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. A unguwa irin Kabara, hanyoyin isar da saƙon ma suna nan tun tuni: lasifikar masallatai, masu unguwanni, gidajen rediyon da ake saurara a kowane shago, da wayar da ke aljihun kusan kowane matashi. Abin da babu shi ne jami'in da aka ɗora wa alhakin ɗaukar labarin hadarin da ke kan Dutse ya isar da shi gare su kafin gabas ta yi baƙi.